TSAKANIN MAI ALƘALAMI DA MAJIYARSA, WA KE ASARA?

Duk ɗan Arewa da ya taso daga Kurmi don ganin gida, ya bi hanyar Kaciya daga Kaduna zuwa Kafanchan, kafin ya kai Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, sai ya wuce matatar mai ta Kaduna. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a kullum, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. Shekara da shekaru ba a rabu da gardama a kanta ba: tana aiki ko ta tsaya, nawa gyaranta ya ci, yaushe za ta tashi.

Yawancin abin da jama'a ke ji game da irin wannan ma'aikata, marubutan mujallun ciniki da na harkar mai ne ke kawo shi, su kuwa daga bakin ma'aikatan ciki suke samu. To, a nan ne rigima ke tashi. Injiniya ko akawu ya ja marubuci gefe, ya raɗa masa magana bisa sharaɗin a sakaya sunansa. Labari ya fito, manya su fusata, a shiga farautar wanda ya fasa ƙwai. Nan take majiya ta ce an murɗe maganarta, marubuci kuwa ya ce abin da aka faɗa masa shi ya rubuta, bai ƙara ko wasali ba.

Nauyi biyu ke wuyan marubuci. Na farko riƙon amana, domin mutumin da ya buɗe masa ciki ya sa abincin iyalinsa ne a hannunsa. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, saboda labarin naɗin jakadu, ba su kuwa tona wanda ya ba su ba. Na biyu bincike, domin ba kowace majiya ce ke magana don Allah ba. Wani an hana shi kwangila ne, wani kujerar maigidansa yake hari. Marubucin da ya buga raɗa ba tare da ya tuntuɓi ɗaya ɓangaren ba, ya mai da alƙalaminsa sandar dukan wani.

Abin da ya faru a Ingila ya isa misali. A 1989 wani ya tsegunta wa William Goodwin, sabon marubuci a mujallar injiniyoyi mai suna The Engineer, cewa kamfanin Tetra yana cikin matsin kuɗi. Goodwin ya bi ƙa'ida, ya buga wa kamfanin waya don ya tabbatar. Maimakon amsa, sai kamfanin ya garzaya kotu, aka hana buga labarin, aka kuma umurci Goodwin ya bayyana majiyarsa. Ya ƙi, aka ci shi tarar fam 5,000. Sai a 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an tauye masa haƙƙi. Mai kaza a aljihu, in ji Hausawa, ba ya jimirin as.

Amma tushen rigimar ba marubuci ba ne, ba kuma majiya ba. Ɓoye-ɓoye ne. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, an kafa shi a 1977, amma sai a 2020 ya fara buga lissafinsa wanda masu binciken kuɗi suka tantance. Da aka buɗe littafin, sai ga shi a 2018 matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba, alhali asararta ta haura Naira miliyan dubu 60. Da ana buga wannan lissafi kowace shekara, da babu ma'aikacin da zai sa wuyansa a igiya don ya faɗi abin da ya kamata a manna a ƙofar ofis. A 2023 an sa hannu da kamfanin Daewoo kan kwangilar gyara ta sama da dala miliyan 740. Wannan dukiyar jama'a ce, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambayar yadda aka yi da dukiyarsa.

Kada mazauna Agege da Sabon Badun da Anaca su ɗauka wannan faɗan 'yan boko ne. Direban tanka da ke kwana a layi a Apapa, da falken shanu, da mai safarar citta daga Kaciya, duk kuɗin mai ne ke yanke musu riba ko faɗuwa. Idan majiya ta ji tsoro ta yi shiru, ko marubuci ya buga ƙarya, su ne za su yi ciniki a cikin duhu.

Saboda haka wajibi ne marubuci ya tabbatar kafin ya buga, ya kuma riƙe amana bayan ya buga. Majiya ta faɗi abin da ta gani da idonta kaɗai. Shugabannin masana'antu kuwa su daina neman wanda ya yi magana, su fito da littattafansu a fili, domin gani ya kori ji.