Launin Fata da Zukatan Yara 'Yan Firamare

Da wuya a shiga makarantar firamare a cikin birnin Kano, ko Shahuci ce ko ta Gidan Makama, a rasa yaron da 'yan ajinsu suka laƙaba wa Duna saboda duhun fatarsa, ko Tsinke saboda sirantakarsa. Manya kan ɗauki wannan a matsayin wasan yara. Amma a irin waɗannan shekaru ne yaro yake yanke wa jikinsa hukunci, ya amince da shi ko kuwa ya tsane shi, kuma hukuncin yakan bi shi har girma.

Masana a ƙasashen Turawa sun daɗe suna auna wannan al'amari. A shekarar 1991 wata mai bincike a Amurka, Elizabeth Collins, ta fito da zane-zane bakwai na yara, daga mafi siranta zuwa mafi ƙiba. Sai a ce wa yaro ya nuna wanda ya yi kama da shi, sa'an nan ya nuna wanda yake so ya zama. Tazarar da ke tsakanin zaɓin biyu ita ce ma'aunin rashin gamsuwarsa da jikinsa. Dabara ce mai kyau, sai dai an gina ta ne a kan damuwar mutanen can, wato tsoron ƙiba. A Kano kuwa rama ake yi wa gori, har wasu 'yan mata na shan magungunan da ake kira sha-ka-fashe. Babban miki kuma shi ne launin fata, wanda zanen Collins bai taɓo ba.

Shaida ba ta ɓuya. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. A 2025 kuma BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai, har fatarsu ta ƙone, domin ta ga ana fifita farare a cikin dangi. Ashe abin ya sauko daga kan manya zuwa kan ƙananan yara.

Ilmin halittu ya warware batun. Launin fata yana samuwa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta na cikin fata suke sarrafawa. Adadin waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne ga baƙi da fari. Bambancin yana ga yawan melanin da irin wanda suke fitarwa. Aikinsa shi ne tare hasken rana mai lahani kafin ya illata fata. Man bilicin yana hana sarrafa shi, kuma sau da yawa yana ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, ko sinadarin sitirod mai sa fata ta yi fyaɗi-fyaɗi. Fatar yaro kuwa ta fi ta babba saurin tsotse abin da aka shafa mata.

Saboda haka ya kamata a samar da ma'auni na gida. Akwai abin koyi a aikin Kenneth da Mamie Clark, waɗanda a shekarun 1940 suka nuna wa yara baƙar fata na Amurka 'yar tsana fara da baƙa, yawancinsu suka zaɓi farar. Malaman Jami'ar Bayero, tare da hukumar ilmin firamare ta jiha, za su iya zana yara cikin suturar Hausawa, masu launi daga baƙi zuwa wankan tarwaɗa zuwa ja, masu jiki daban-daban. A tambayi kowane yaro shi kaɗai, da Hausa, da yardar iyayensa, ba tare da rubuta sunansa ba. A fitar da sakamakon makaranta gaba ɗaya, a sake gwajin bayan shekara guda domin a ga ko an sami canji.

Wani zai ce inda tamowa take damun yara, wannan magana ta masu ƙoshi ce. Lalle awon nauyi da tsawo wajibi ne, ba wanda ya ce a bari. Sai dai a yi shi a keɓe, kada a riƙa faɗin nauyin yaro a gaban aji ana dariya. Sikeli yana nuna abin da ciki ya rasa, amma ba ya nuna yarinyar da take jin kunyar fuskarta.

Sauran aikin yana hannun malamin aji: ya hana laƙabi na wulaƙanci, ya koyar da amfanin melanin a darasin kimiyya, ya yabi yaro a kan hazaƙa da ladabi. Iyaye su daina kwatanta 'ya'ya da hasken fata a kan kunnensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.