Kafin a Goge Faifai, a Binciki Sabon RAM

Mutum ya ƙara wa kwamfutarsa RAM, bayan kwana biyu ta fara ƙagewa, fayiloli suna lalacewa, Linux yana faɗuwa allo ya cika da rubutu. Wasu masu gyara sai su ce a goge faifai a sake loda komai. Wannan gaggawa tana jawo wa masu kaya asara.

Duk abin da za a rubuta a faifai sai ya ratsa RAM. Idan lamba ɗaya ta juye a hanya, gurɓataccen bayanin ne za a adana. Binciken da aka wallafa a 2009 kan kwamfutocin Google ya gano fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara.

Don haka mai gyara ya fara cire sabon RAM ya bar tsohon kaɗai, ya kwafe bayanan mai kaya zuwa wani faifan, sannan ya mayar da sabon ya bar manhajar gwajin RAM ta Memtest86+ ta kwana tana gwada shi. Manhajar gyaran faifai ta fsck kuwa ta dakata, domin idan ta yi aiki a kan RAM mai lahani tana iya ƙara dagula faifan.