Yaro Ya Lalata Kwamfuta: Wa Ke Da Laifi, Wa Zai Biya?

A garin kan iyaka irin Jibia, kwamfuta ba kayan ado ba ce. Da ita mai fiton kaya a Magama yake shirya takardun kwastan. Da ita ɗalibi yake gwada hannunsa kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a zana ta sai a kan na'ura. A cikinta kuma ɗan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yake adana kundin bincikensa na shekarar ƙarshe. Mutanen da aka rufe musu iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, sun san abin da aka saya jiya da gumi ba lallai ne a iya sake sayensa yau ba. Don haka ranar da ɗan shekara uku ya kwarara shayi a kan madannai, ko ya finciko wayar caji na'urar ta faɗo daga tebur, sai gida ya hargitse. Abin da ke biyo baya a gidaje da yawa shi ne duka, zagi, wani lokaci har da mugun baki.

Muna ganin fushin yana sauka a inda bai dace ba, kuma malamanmu na Malikiyya sun warware wannan mas'ala ƙarnoni kafin a ƙera kwamfuta.

Da farko sun raba zunubi da ramuwa. Yaron da bai balaga ba babu zunubi a kansa, domin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya sanya shi cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami. Amma ɗauke alƙalami bai halatta asarar dukiyar mutane ba. Idan yaro ya shiga gidan maƙwabci ya fasa masa kwamfuta, ramuwa ta tabbata a cikin dukiyar yaron idan yana da ita, idan ba shi da ita ta zama bashi a wuyansa. Uban da ya ce "ai yaro ne" ya kaɗa rigarsa ya tafi, ya bar ɗansa da haƙƙin wani, ya kuma ɓata maƙwabtaka. Mutunci ya biya, ko ya nemi yafiya.

Sai kuma wurin da ya fi shafar gidajenmu. Shehu Khalil ya bayyana a cikin Mukhtasar cewa wanda ya ba yaro ajiya ko bashi, yaron ya lalata, to babu ramuwa a kansa, ko da iyayensa sun amince da bayarwar. Dalilin da masu sharhi suka kawo shi ne, mai dukiyar da kansa ya ɗora yaron a kanta. A auna wannan da halinmu na yau. Uwa tana girki, yaro yana kuka, sai a kunna masa wasan yara a kwamfutar yayansa don a samu sararawa. Uba yana hira da baƙo, sai ya miƙa masa waya. An koya masa cewa wannan abu mai haske abin wasansa ne, sannan ranar da ya yi wasa da shi yadda ƙaramin yaro ke wasa, a ɗauko bulala. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba, kuma da manya ayar take magana.

Game da duka, a tuna cewa salla ma, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a ambaci horo a kanta ba sai yaro ya kai shekara goma. Ina ga gilashin na'ura da ɗan shekara huɗu? Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida bai taɓa tsangwamarsa kan abin da ya yi ko ya bari ba. Mugun baki ya fi duka haɗari, domin hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa.

Ɗalibai kuma, aron kwamfuta ya zama ruwan dare a tsakaninku. A mazhabarmu, mai aron abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa, sai in ya kawo shaidar cewa ya lalace ba da sakacinsa ba. Wanda ya aro ta abokinsa ya bar ta a kan tabarma tsakar gida, inda ƙannensa ke guje-guje, da wuya ya samu wannan shaida.

Idan ruwa ya riga ya shiga, kada a kunna don a gani ko tana aiki. Kunnawar ce ke ƙona allon lantarkin da ke cikinta. A kashe, a zare caji, a kife ta, a kai wa mai gyara, ko da sai an je Katsina ko titin Beirut a Kano. Shayi mai sukari ya fi ruwa ɓarna, domin yana bushewa ya bar danƙo. Ɗalibi ya riƙa kwafe aikinsa a filash ko ya tura wa kansa ta imel kowane mako. Wayar caji da aka bari a jone a ƙasa kuwa, kafin ta zama barazana ga na'ura, barazana ce ga jaririn da ke rarrafe yana kai komai baki, don haka a ɗaga soket sama da inda hannunsa ke kaiwa.