Mun samu sauƙin bindiga, sai injin yankan itace ya karɓi aiki a Dogon Dawa

Jama'ar Dogon Dawa da sauran ƙasar Birnin Gwari, yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar gawayi ce.

Tun ƙarshen watan Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, mun samu sauƙi. Ban ce komai ya ƙare ba, amma motoci suna bin hanyar Funtuwa, mutane sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Alhamdu lillahi. Wanda ya taɓa kwana da takalminsa a ƙafa saboda jiran gudu shi ya san darajar wannan.

To amma ku duba abin da muke yi da sauƙin. Dajin da aka yi shekaru ba mai iya shiga, yanzu an shiga, kuma ba da fartanya kaɗai ba. An shiga da injin yankan itace. Ka tsaya bakin titi ka ƙirga buhunan gawayi da aka jera, ka ƙirga motocin da ke fita da su, ka dubi hayaƙin da ke tashi daga cikin daji da yamma. Kowane buhu da ka gani bishiya ce da wani kakanmu ya bari a tsaye.

Kuma ba busasshen itace ake tsinta ba kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Mai gawayi itace mai nauyi yake nema, wanda garwashinsa ke daɗewa: ƙirya, marke, doka. Da suka yi nisa sai aka juyo kan kaɗanya da ɗorawa. A nan ne raina yake ɓaci. Kaɗanya sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta ciyar da gida har jikoki. Inji kuwa kafin ka gama shan kofin shayi ya kwantar da ita. Da man kaɗe da kalwar daddawa mata da yawa a ƙauyukanmu suke sayen sabulu da magani, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Namiji ya sare bishiyar ya karɓi kuɗin yini ɗaya, ya yanke wa matarsa abincin shekaru. Wannan ba sana'a ba ce, cin iri ne.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa. Ta farko: "Ai dajin ne ya jawo mana bala'i, gara a share shi kowa ya huta." Har a sama an taɓa yin irin wannan tunanin. A farkon 2022 tsohon Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ce a yi wa dazukan ruwan bama-bamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: bishiya ce ta sayi bindiga? Ku dubi gabashin Sakkwato, yankin Isa da Sabon Birni. Ba su da duhun daji irin namu, amma sun sha abin da muka sha. Abin da ya ba ɓarayi wuri shi ne rashin hukuma a daji, rashin hanya, rashin makaranta, da rashin adalci tsakanin manomi da makiyayi. Ka sare kowace bishiya daga nan har Kuyambana, in waɗannan suna nan, matsalar tana nan. Hasali ma ƙaruwa za ta yi, domin in daji ya ƙare, ina shanu za su yi kiwo? Gonarka. Kuma mun san inda rigimar gona da shanu take kaiwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: "Yunwa ce." Gaskiya ne. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya dawo ba taki ba jari, in ka ce masa kada ya taɓa itace, me zai ba yara? Shi ya sa faɗana ba da shi ba ne. Faɗana da wanda ya sayi injin, ya ba da bashin mai, ya aiko da mota. Mai ƙonawa ya kwana a daji yana shaƙar hayaƙi, a saye buhun a hannunsa da araha, a kai Kaduna ko Zariya ko Kano a ninka kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa a birni suka jingine tukunyar gas suka koma murhun gawayi. Wato birni na dafa shinkafa da dajinmu, mu kuma a bar mu da zafin rana da zaizayar ƙasa.

Doka fa? A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana saran itace don katako da gawayi a ƙananan hukumomi 7, har da Birnin Gwari. A lokacin saboda tsaro aka yi. Yau muna so a fito a gaya mana: dokar tana nan ko an janye ta? In tana nan, ta ina motocin suke wucewa, sama suke tashi? In an janye, me aka sa a madadinta? Dajin Kamuku da ke ƙasarmu tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. In an bar dazukan da ke kewaye da shi suka ƙare, kowa ya san inda injin zai nufa.

Wanda yake ganin ina zuzuta abin, ya nemi labarin Haiti. Tsibiri ɗaya suke da Jamhuriyar Dominika. Haiti ta dogara da gawayi har duwatsunta da yawa suka zama tsirara. Maƙwabciyarta ta tsare dazukanta, ta sa tallafi a gas ɗin girki. A 2004 da guguwa ta zo da ruwa, ba saiwar da za ta riƙe ƙasa, ambaliya ta kashe mutane sama da 2,000 a garin Gonaïves da kewaye. Su ma ba mugunta ta sa su sara ba, talauci ne. Amma ruwa bai tambayi dalili ba.

Kuma ba sai mun tsallaka teku neman magani ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu shiga wannan ramin, sun kuma fito. Tun shekarun 1980 manomansu suka kama abin da suke kira sassaben zamani: in kututture ya yi toho a gona, ba a ƙone shi, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran a yi girki da su. Ba rijiya, ba ban ruwa, ba kwangila. Da haka yankunan Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu. Su da ruwan samansu bai kai namu ba sun iya, mu da ƙasarmu in ka jefar da ƙwallon mangwaro sai ya tsiro, mene ne uzurinmu?

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Masarauta, daga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari har dagatai da masu unguwanni, a sa doka mai tara a kan kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, kuma tarar ta hau kan mai inji da mai mota, ba kan lebura kaɗai ba. Ƙaramar hukuma ta yi rajistar kowane inji da ke shiga daji. Gwamnatin jiha, in da gaske ake son sulhun nan ya ɗore, a kawo taki da iri da bashin noma a kan lokaci, don wanda gonarsa ta riƙe shi ba ya kwana a bakin ramin gawayi. Mu kuma manoma, kowa ya bar toho goma a gonarsa bana. Goma kawai.

Sunan garin nan Dogon Dawa. Kada mu zama mutanen da jikokinsu za su tambaya ina dawan yake, su rasa amsa.

Wanda yake da hujjar da ta fi tawa, ga fili nan a ƙasa, a zo da ita ba da zagi ba. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, Ya sa mu gane tun da sauran inuwa.