Kafin a Ce "Sai an Yi Fomatin": Muhallin Manhajar Ceto a Kwamfutocin Karkarar Arewacin Kano

A makarantu da asibitocin sha-ka-tafi da sakatariyoyin ƙananan hukumomi na arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Tsanyawa, akwai hukunci guda da ke jiran kwamfuta ranar da ta ƙi tashi: "Sai an yi mata fomatin." Ma'anarsa a shafe duk abin da ke kan faifan ajiyarta, a zuba mata sabuwar babbar manhaja. Kwamfutar takan dawo tana aiki, mai gyara ya karɓi ladansa, amma sakamakon jarrabawar zango uku, da rajistar masu zuwa awon ciki, da lissafin takin da ƙungiyar manoma ta raba wa 'ya'yanta, duk sun bi ruwa. Abin takaicin shi ne, a lokuta da dama waɗannan bayanai suna nan lafiya lau a kan faifan kafin a taɓa shi. Abin da ya lalace bai wuce 'yan fayilolin da Windows ke buƙata wajen tashi ba.

Dalilan lalacewar sanannu ne. Wutar lantarki kan ɗauke kwamfuta tana tsakiyar rubutu a kan faifai, batirin kwamfutocin cinya na hannu da ake sayowa daga kasuwannin birni ya daɗe da mutuwa, janareto kuma kan tsaya ba sallama. Ga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a cikin filash daga shagon buga takardu zuwa ofishin shugaban makaranta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya kawarwa gobe. Abin da za a iya yi, kuma ba ya buƙatar sayen komai, shi ne a dasa wa kowace kwamfuta ƙaramar manhajar ceto a kan faifanta tun ranar da aka kawo ta.

Yadda abin ke aiki ba shi da sarƙaƙiya. Idan aka kunna kwamfuta, akwai wata 'yar manhaja da ke fara farkawa, aikinta ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. A duniyar Linux wadda aka fi sani ita ce GRUB. Tana iya nuna jerin zaɓi kafin komai ya tashi, kuma tana iya buɗe fayil guda wanda ya ƙunshi cikakkiyar manhaja, irin wanda a da ake ƙonawa a kan faifan sidi, ta tayar da kwamfuta daga cikinsa kai tsaye. Don haka ana yanke ɗan ɓangare daga faifan ajiya, a ajiye wannan fayil, a ƙara layi ɗaya cikin jerin zaɓin. Gigabait biyu sun wadatar, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na faifai mai gigabait 250. Ranar da Windows ta ƙi tashi, sai a zaɓi layi na biyu, a shiga ta ƙofar baya, a kwashe bayanai zuwa wani wuri kafin a yi maganar gyara.

Manhajojin da suka dace da wannan aiki kyauta ne, kuma sun jima a hannun jama'a. Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, an gina ta ne domin tsofaffin kwamfutoci, kuma tana da fuska mai hotuna da malamin da bai taɓa ganin Linux ba zai iya lalubawa. Tiny Core ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai dai ta masu gwaninta ce. SystemRescue kuwa akwatin kayan aikin mai gyara ce sukutum: a cikinta akwai GParted na gyara ɓangarorin faifai, da TestDisk na dawo da ɓangaren da ya ɓace, da PhotoRec na tono fayilolin da aka goge. Sai Clonezilla, wadda ta fito daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta Taiwan, mai ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya ta mayar da shi yadda yake. A ɗakin kwamfuta mai na'urori iri ɗaya, hoto guda ya isa a farfaɗo da duk wadda ɗalibai suka birkita.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke amsa tambayar da mai hankali zai fara yi: ta yaya manhajar da ke zaune a kan faifai za ta gyara faifan da take kai? Amsar ita ce waɗannan ƙananan manhajoji suna iya kwafe kansu ɗungurungum zuwa ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta yayin tashi. Da zarar sun koma can, sun saki faifan, ana iya duba shi, a gyara tsarinsa, ba tare da an sare reshen da ake zaune a kai ba. Wannan ne ya sa ƙanƙantar take da muhimmanci. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait biyu, irin waɗanda har yanzu suka cika makarantun karkara, ba za ta iya ɗaukar manhaja mai nauyi ta wannan hanya ba.

Masu gyara na Titin Beirut a birnin Kano za su ce ai duk wannan a filash ake yin sa, kuma gaskiyarsu. Sai dai filash yana aljihun mai gyara, mai gyara kuma yana birni. Wanda aka bari a makaranta kan zama na kowa: yau an kwafi takardar neman aiki, gobe an zuba waƙoƙin biki, jibi wani ya yi masa fomatin don ya ga fayilolin da bai gane ba. Faifan sidi ya zama tarihi, domin ƙurar hunturu ta kashe na'urar karanta shi a tsofaffin kwamfutoci, sababbin kuma ba sa zuwa da ita. Sauko da fayil mai gigabait ɗaya ta wayar salula a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya aiki ne na yini guda da kuɗin data. Abin da ke cikin kwamfutar kansa ba a aronsa, ba a mantawa da shi a aljihun riga.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka bayyana karkarar da ke kewaye da Kano a matsayin ƙasa mai cunkoson jama'a inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana raya ta da taki da kulawa. Manomin da ke rayuwa a kan 'yar gona ya san ba a cinye gero duka; ana ware iri tun a kaka. Amma shi wannan manomin ya san wani abu kuma, wanda shi ne babbar hujjar masu suka: irin da aka ajiye a rumbu ɗaya da abinci, gobara ɗaya ce ke cinye su. Idan faifan ajiya da kansa ya mutu, manhajar ceto ta mutu tare da shi. Wannan gaskiya ce da ba ta da makawa, kuma duk wanda ya ɗauki manhajar ceto a madadin kwafe bayanai zuwa wani faifai na dabam ya yaudari kansa. Iyakar abin da za ta yi a nan shi ne gargaɗi, domin tana ɗauke da kayan karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, wanda sau da yawa kan nuna alamun mutuwa kafin ta zo.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ƙofar da malami zai bi ya ceto sakamakon jarrabawa ita ce ɗalibi mai wayo zai bi ya sauya makinsa, domin manhajar ceto ba ta tambayar kalmar sirrin Windows. A asibiti lamarin ya fi haka tsanani, tun da bayanan marasa lafiya amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan mai riƙe da su. Maganin yana cikin GRUB ɗin kanta, wadda ke ba da damar kulle kowane layi na jerin zaɓi da kalmar sirri. Wanda ya dasa manhajar bai saka wannan kulle ba ya bar aiki rabi. Inda kuma aka rufe faifai da BitLocker, manhajar ceto ba za ta ga komai ba sai da mabuɗin farfaɗowa, saboda haka dole a rubuta shi a takarda a adana a ofishin shugaba.

Wani zai ce Windows ma tana da nata ɓangaren farfaɗowa a kan faifai. Tana da shi, kuma yakan yi amfani. Amma kwamfutocin hannu da aka yi wa fomatin sau da yawa a kasuwa sukan rasa shi, kuma an tsara shi ne domin ya gyara Windows, ba domin tono takardar da ta ɓace ba. Haka kuma wasu sabunte-sabunten Windows kan ture GRUB daga gaban layi, sai an mayar da ita. Wannan aikin minti kaɗan ne ga wanda aka koya wa.

A nan ne batun ya koma kan masu sayo kwamfutocin. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗakin kwamfutar makarantar karkara ya zama wurin da ɗan manomi ke fara taɓa madannai kafin ranar da makomarsa za ta rataya a kansu. Kwamfutar da ta kwanta a watan Janairu tana jiran mai gyara, ɗalibai ne suka yi asarar atisaye. Ga shi kuma tallafin da Microsoft ke bai wa Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali yawancin tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka za su ci gaba da aiki cikin rauni. Ma'aikatar ilimi da asusun USPF da 'yan majalisar da ke raba kwamfutoci a mazaɓunsu suna iya rubuta sharaɗi ɗaya a takardar kwangila: kada a karɓi na'ura sai an ga layin ceto a jerin zaɓinta, a kulle, tare da takardar bayani shafi guda da Hausa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna da ɗaliban da za su iya koyon dasawar cikin mako guda, su kai ta makarantun da ake tura su koyon aiki.