Sawakin Ba Ta Turawa Da Turkawa Kaɗai Ba Ce

Ban yarda da yadda ake kai baƙi yawon yini guda a Sawakin ba. A kwaso mutane daga Port Sudan, tafiyar kusan kilomita 60, a tsaya a ƙofar Kitchener a ɗauki hoto, a leƙa kangayen gidajen da aka gina da dutsen murjani, kafin la'asar an juyo. Ɗan jagora zai cika maka kunne da labarin Turkawa da Turawan Ingila da yaƙin Usman Digna, amma ba zai ce uffan kan alhazan ƙafa ba.

Alhali kakanninmu ne suka riƙa tasowa daga Kano da Sakkwato da Borno, su ratsa Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru suna ƙodago a gonakin audugar Jazira don tara kuɗin jirgi, sannan su tsallaka Bahar Maliya daga nan zuwa Jidda. Da yawa ba su koma gida ba, jikokinsu na Sudan har yau.

Za a ce yini guda ba ya ɗaukar komai da komai. To me ya sa kullum labarinmu ne ake yankewa? Kafa Port Sudan a 1905 ya kashe kasuwar garin, Turkiyya kuma ta gyara masallatansa. Ana iya ta da gini, amma labarin da aka daina faɗa mutuwa yake.

Don haka, ɗan'uwa, in Allah ya kai ka, ka tsayar da ɗan jagora ka tambaye shi: ina alhazanmu suke sauka? In ya yi shiru, kai ka gaya masa.