Dokar Dare Ɗaya

Maganar da na kawo muku a wannan fitowa ta titi ce da kasuwa, amma babu gida ɗaya a ikilisiyoyinmu na Kano da kewaye da ba ta taɓa ba, gama dukanmu titi muke bi mu je neman abinci, kuma da kasuwa yawancinmu ke biyan kuɗin haya da na makarantar yara.

Ina magana ne a kan yadda hukumomin wannan birni ke yanke shawara a kan rayukanmu da dukiyarmu. Shekara da shekaru hanya ɗaya suka sani. Za a zauna a jira har masifa ta auku, sa'an nan a aika takarda gidan rediyo a karanta doka, gari ya waye talaka ya tarar an hana shi abin da jiya yake ci da shi. In an gama wannan sai a ce an ɗauki matakin tsaro. Ni kuwa na ce an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma ina so mu bi abin daki-daki don kada wani ya ce Pasto ya tashi da fushi ne kawai.

Mu fara da acaɓa. Ranar 19 ga Janairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, aka kashe direbansa da waɗansu dogarai. Kafin mako ya zagayo gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta ɗaukar fasinja a babur cikin birni. Ban ce babu dalili ba. Wanda ya zauna a garin nan tun daga Jumma'ar 20 ga Janairu 2012, ranar da aka kashe mutum fiye da 180, ya san abin da masu kisa suka yi da babur. Mu ma mun yi jana'izar namu, waɗanda aka harbe suna cikin sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu na wannan shekarar. Saboda haka babu mai koya mana zafin abin. Tambayata ita ce, dubban samari da magidanta da ke ciyar da iyali da wannan babur, Musulmi da Kirista, me aka tanadar musu kafin a ce su ajiye? Wane ne ya kira su ya ji ta bakinsu? Wata biyu kacal bayan dokar, ranar 18 ga Maris 2013, aka tayar da bam a tashar New Road da ke Sabon Gari, mutum fiye da 20 suka mutu, kuma a cikin mota aka shigo da shi. To, an hana mota? Ba a hana ba, domin masu yin doka mota suke hawa. Abin da tashar ke bukata shi ne ƙofa mai tsaro da bincike na gaskiya a kan duk abin da zai shiga, wannan kuwa aiki ne na kullum, yana cin kuɗi, yana bukatar a sa ido, ba a gama shi da sanarwa ɗaya.

Da acaɓa ta kau, adaidaita sahu ta zama ƙafar gari. Ku tuna gwamnati ce da kanta ta shigo da ita a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. Mutane suka ci bashi, waɗansu suka sayar da gona, suka sayi wannan keke suka ba yara suna kawo balas. Sai ga shi ita ma an juyo kanta. A Fabrairu 2021 masu adaidaita suka tafi yajin aiki saboda harajin naira 100 na kullum da hukumar KAROTA ke karɓa. A Janairu 2022 suka sake ajiye aiki a kan kuɗin sabunta lamba, muka ga tsofaffi da ɗalibai da ma'aikata suna tafiya a ƙasa kamar ranar hijira. A Yuli na 2022 ɗin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta hana adaidaita fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, aka ce don tsaro.

Ku tsaya nan kaɗan, dattawa. Naƙuda tana duba agogo? Matar da ciwo ya kama da ƙarfe ɗayan dare a Brigade ko Badawa, mijinta ba shi da mota, maƙwabcinsa ba shi da ita, an riga an hana babur ɗaukar ta, yanzu an hana keke, da me za ta isa asibiti? Yaron da zazzaɓi ya sa shi suma fa? Ma'aikaciyar jinya da ta tashi aikin dare, da mai gadi, da mai shayi, da baƙon da motarsa ta iso tasha bayan sha ɗaya? Ban ma ambaci masu dawowa daga kwanan addu'a ba, kada a ce kanmu muke ja wa. Gaskiya ne akwai ɓatagari da ke fakewa da adaidaita su yi ƙwacen waya, har da satar mutane. Amma hukumar da ta iya bin kowane ɗan sahu ta karɓi naira 100 kowace safiya, ta ba shi lamba, ta ba shi takarda, yaya za ta ce ba ta iya rarrabe ɓarawo da mai neman halak ba sai ta kulle su duka? In rajistar ta isa karɓar kuɗi, ya kamata ta isa kama mai laifi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ƙarshen Nuwamba 2022. Aka sanar cewa an hana adaidaita bin waɗansu manyan hanyoyi, har da wadda ta tashi daga Tal'udu ta nufi Gwarzo da wadda ta nufi Gezawa, wai an sayo bas 100 da tasi 50 za su maye gurbi. Bas ɗari, a birnin miliyoyin mutane! Jama'a suka yi ca, dokar ba ta kwana biyu ba aka janye ta. Waɗansu sun yaba, suka ce gwamnati mai sauraro ce. Ni abin da na gani shi ne ba a yi lissafi ba tun farko. Da an tara shugabannin masu keke da na kasuwa da masu unguwanni na awa ɗaya tak, da sun faɗa wa hukuma abin da titi ya faɗa mata da safe.

Yanzu mu shiga kasuwa, inda ake ganin ɗaya fuskar wannan hali. Inda hani ke da sauƙi ana gaggawa, inda aiki ke da wuya kuwa ana barci. Daren 26 ga Maris 2016 wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari, shaguna fiye da 3,000 suka zama toka. A cikin 'yan makonnin nan ɗaya kasuwar Singa da kasuwar waya ta Farm Centre su ma suka ƙone. Da yawa daga cikinku kun san wanda bai sake tashi ba tun daga ranar. Akwai waɗanda suka tattara iyali suka koma ƙauye. Aka yi jaje, aka kafa kwamiti, aka buɗe asusun tallafi, manya suka zo aka ɗauki hoto. Amma duk ɗan kasuwa ya san abin da ke mai da ƙaramar wuta ta zama babba: layin da aka bari don motar kashe gobara an yanka shi an yi tebura da kwantena, wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo-gizo a kan rufi, janareta da jarkar fetur suna kwana cikin shago, ga shi babu ruwa a kusa. Waɗannan tebura ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya ba da wurin, wani ne ke zuwa da rasit yana karɓar kuɗinsa. Idon da ke ganin mai tebur ranar karɓar haraji, shi ne ke makancewa ranar da ya kamata a ce masa ya tare hanyar motar kwana-kwana.

Haka a Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. A ƙarshen watan nan kuma bene mai hawa uku da ake ginawa ya rufta a titin Beirut. Wa ya sa hannu a takardun? Sai a Yuni 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fito da katafila, aka rushe shagunan filin Idi da ginin Daula da sauransu, aka ce an sayar da filayen ba bisa ƙa'ida ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma wata gwamnati ta sayar ta ba da takarda, wata ta zo ta rushe, wanda ya saya da wanda ya kama haya su ne suka kwana a ciki, har kotun tarayya ta yanke cewa a biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30. Jami'in da ya yanka filin kuwa yana gidansa yana shan iska.

To, wa za mu riƙe? Nan ne gizo ke saƙar. Birnin Kano ba shi da kai ɗaya; an raba shi tsakanin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, a kansu kuma ga hukumomin jiha irin su KAROTA da KNUPDA da REMASAB. In ka je wa wannan ya ce na wancan ne. Amma tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya rubuta ayyukan ƙaramar hukuma ɓaro-ɓaro, a ciki har da kasuwanni, tashoshin mota, tituna da fitilunsu, magudanan ruwa, kwashe shara da maƙabartu. Ku sake karanta wannan jerin, ku gaya mini wanne ne a ciki ba maganar tsaro ba. Layin da ke da fitila ɓarawo ba ya son sa. Kwatar da aka yashe ba ta cin yaro da damina. An daɗe ana ce mana kuɗin ƙananan hukumomi na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha, shi ya sa ciyaman ba ya iya komai sai biyan albashi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau, sai dai ciyaman yana jin tsoron wanda ya ɗora shi ne. A zaɓen 2018 da na 2021 APC ta lashe kujerun ciyaman 44 duka, a na Oktoba 2024 NNPP ta lashe 44 duka. Ko ni da ba ɗan siyasa ba na san abin da wannan lissafi ke nufi.

Na san abin da waɗansu dattawa za su ce, don sun sha faɗa mini: “Pasto, mu ba mu da yawa a garin nan, mu yi addu'a mu kama bakinmu, an umarce mu mu yi biyayya ga masu mulki.” Addu'a kam wajibi ce, biyayya ma haka. Amma Manzo Bulus da ya koyar da biyayyar, shi ne kuma ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye, ya nace sai mahukuntan birnin da suka sa aka doke shi ba tare da shari'a ba sun zo da kansu sun fitar da shi. Bai ɗauki sanda ba, bai zagi kowa ba, doka ya tuna musu. Kuma wannan ba rigimar addini ba ce. Wutar 2016 ba ta tambayi sunan mai shago ba, ta ci na Alhaji ta ci na Dattijo a layi ɗaya. Abin da ke ba ni kunya shi ne ba mu jin tsoron sakatariyar ƙaramar hukuma in za mu kai katin gayyatar ƙaddamar da ginin majami'a, ko in an ce ana rabon shinkafar Kirsimeti. Ranar nan kowa ya san hanya. Ranar tambayar ina aka kai kuɗin kasuwa kuwa sai mu tuna mu 'yan tsiraru ne. Bakin da ya karɓi buhu da wuya ya yi tambaya, masu ba da buhun ma sun san haka.

Ga abin da nake roƙon majalisar kowace ikilisiya ta sa a ajandar zamanta mai zuwa. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, daga cikin masu sana'a a kasuwa ko a titi, su nemo sunan kansilan mazaɓarsu da inda yake zama, gama na tabbata rabinmu ba mu san shi ba. Kada su tafi su kaɗai. Su bi ta wurin mai unguwa, su nemi limamin unguwa da shugaban 'yan kasuwa da na masu adaidaita, a rubuta takarda ɗaya kowa ya sa hannu, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A tambaya nawa aka tara a kasuwa da tasha a bara, nawa aka kashe a kan fitila da magudana, wa ya ba da izinin teburan da ke kan layin motar kashe gobara, kuma ina za a mai da masu su in an tashe su, don kada mu ma mu jawo wa wani talaka dokar dare ɗaya. A nemi kuma alkawari a rubuce cewa ba za a sake hana wata sana'a ko rushe wani wuri ba sai an kira masu abin an ji ta bakinsu, an ba su wa'adi. In wata guda ya wuce babu amsa, a sake komawa da takarda ta biyu, a aika kwafinta ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin. Maganar magudana a kai ta tun kafin ruwan farko ya sauka, ta layukan kasuwa kuma kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.